Jiya an ce ƙwai illa ne, yau an ce lafiya ne: tambayoyi da amsoshi kan saɓanin binciken lafiya

Duk mai sauraron rediyo ko mai riƙe da waya ya saba jin an ce "wani sabon bincike ya nuna", sannan bayan 'yan watanni a zo da wani binciken da ya ce akasin haka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi idan wannan ruɗani ya taso.

Me ya sa masana suke faɗin abu yau, gobe kuma su sauya magana?

Wani lokaci ba maganar masana ce ta sauya ba, abin da suke magana a kansa ne ya sauya. Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 ya san ɗacin kulorakwin da ƙaiƙayin da yake sa wasu, kuma a zamaninsa maganin yana kashe zazzaɓin cizon sauro sosai. Daga baya ƙwayar cutar ta koyi jure masa, har Najeriya ta sauya tsarinta a 2005 ta koma ga magungunan haɗi masu ɗauke da atemisinin. Likitan da ya rubuta kulorakwin a 1985 bai yi kuskure ba, haka ma wanda ya hana shi a 2010.

Wani lokacin kuma ilimi ne ya ƙaru. Shekara da shekaru likitocin duniya sun ɗauka cewa damuwa da yaji da yawan tsamin ciki su ne tushen gyambon ciki, sai wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi take haddasa mafi yawansa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kwanta ciwo, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Har yau a wurinmu za ka ji mai olsa yana ɗora laifin duka a kan yunwa da barkono, alhali gwaji da maganin mako biyu na iya raba shi da ciwon.

Amma mafi yawan saɓanin da ke iso mana ta rediyo da waya ba daga ɗayan waɗannan biyun yake ba. Yana zuwa ne daga haɗa bincike iri daban-daban a kwando ɗaya, a ba su daraja ɗaya, alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Ashe bincike ma yana da iri-iri?

Ƙwarai kuwa, kuma wanda ya fahimci wannan ya warware rabin ruɗanin. Akwai binciken da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, a kan ƙwayoyin halitta da ke cikin kwalba ko a kan ɓeraye. Irin wannan mafari ne kawai, domin abubuwa da yawa suna kashe ƙwayoyin sankara a cikin kwalba amma ba sa taɓuka komai a jikin mutum, kuma ko cikin magungunan da suka tsallake wannan mataki aka fara gwada su a kan mutane, kusan tara cikin goma ba sa kai wa ga samun izinin shiga kasuwa.

Akwai kuma binciken lura, inda ake bin dubban mutane shekara da shekaru ana tambayarsu abin da suke ci da yadda suke rayuwa, sannan a duba su wa suka kamu da wace cuta. Kusan duk labaran abinci daga nan suke fitowa, kuma rauninsa a bayyane yake. Idan ka ƙirga masu yawo da ashana a aljihu za ka tarar ciwon huhu ya fi yawa a cikinsu, amma ba ashanar ce ta jawo shi ba, sigarin da ake kunnawa da ita ne. Haka nan mutumin da yake samun kayan marmari kullum galibi yana da rufin asiri, yana shan ruwa mai tsafta, yana zuwa asibiti da wuri, don haka idan ya daɗe a duniya da wuya a tantance ko lemo ne ya taimake shi ko aljihunsa. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin irin waɗannan abubuwa da lissafi, sai dai ba sa iya cire abin da ba su auna ba. Ga kuma matsalar mantuwa: wa zai iya faɗin sau nawa ya ci wake a watan jiya?

Mafi ƙarfi shi ne gwajin da ake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya maganin, ɗayan kuma a ba shi ƙwayar da ta yi kama da maganin amma ba ta ɗauke da komai, ba tare da majiyyaci ko likitansa ya san wanda ya samu wanne ba. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, mai kuɗi da talaka, mai shan sigari da wanda ba ya sha, duk sun watsu daidai a gidajen biyu, kuma bambancin da aka gani a ƙarshe na maganin ne.

Labarin sinadarin da ke ba karas launinsa ya isa misali. Binciken lura ya daɗe yana nuna cewa masu yawan wannan sinadari a jini ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, har kamfanoni suka fara sayar da shi a ƙwaya. Sai aka yi gwajin ƙuri'a a ƙasar Finland a kan maza masu shan sigari kimanin 29,000, kuma da sakamako ya fito a 1994 aka ga sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha ƙwayar. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dole aka dakatar da shi a 1996 saboda dalili ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Karas dai bai yi laifin komai ba, laifin na ƙwayar da aka cusa wa sinadarin da yawa ne.

To ke nan a yi watsi da binciken lura?

A'a. Ba za a iya jefa ƙuri'a a tilasta wa mutane shan sigari shekara talatin ba, amma babu masanin da ke shakkar illarta. Tun 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙarta da sankarar huhu a Ingila, kuma haɗarin da aka gani ba ƙarami ba ne, ya ninka fiye da sau goma, yana ƙaruwa da yawan karan da ake sha, yana raguwa idan aka daina, sannan an sake ganin haka a ƙasa bayan ƙasa. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne inda bambancin ɗan kaɗan ne, kamar kashi goma ko ashirin cikin ɗari, domin irin wannan ƙaramin bambanci wani abu na gefe yana iya haifar da shi.

Ina aka kwana kan ƙwai da kofi da shayi?

Gwaiduwar ƙwai tana da kolestarol da yawa, wato wani nau'in kitse da ke yawo a jini, shi ya sa aka daɗe ana tsoratar da mutane. Daga baya aka fahimci cewa hanta ce take sarrafa mafi yawan kolestarol da ke cikin jini, kuma abin da aka ci bai cika ɗaga shi sosai ba a jikin yawancin mutane, har Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga ƙa'idojinta na abinci a 2015. Binciken lura yana ci gaba da fitowa, wani ya ga 'yar illa, wani bai ga komai ba, kuma wannan kai-kawo da kansa alama ce cewa ko akwai illa ba babba ba ce ga mai lafiya da ke ci daidai wa daida. Ga yaron da abincinsa tuwo ne safe da dare, ƙwai ɗaya a rana alheri ne babba. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya shi ne ya kamata ya tambayi likitansa.

Kofi kuwa, hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sa shi a 1991 cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo sankarar mafitsara, sannan ta cire shi a 2016, domin an gane cewa a binciken farko ba a raba tasirin kofi da na sigari yadda ya kamata ba. Abin da bai samu shiga kanun labarai sosai ba shi ne abin da hukumar ta ƙara a wannan zama: shan kowane abu mai zafin da ya haura digiri 65 yana iya jawo sankarar bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Wannan ya fi shafar mu. A teburin mai shayi da asuba za ka ga ya ɗaga kofi ɗaya sama yana kwarara shayin cikin ɗayan, sau uku sau huɗu, kumfa na tashi, wani kuma daga kan benci yana cewa a bar masa haka, shi da zafinsa yake so. Mai shayin ne yake da gaskiya.

An ce naman da aka sarrafa yana ƙara haɗarin sankara da kashi 18 cikin ɗari. Shin kilishi ya zama guba?

Hukumar da aka ambata ce ta faɗi haka a 2015, game da mai cin giram 50 na naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi ko makamantansu kowace rana, kuma busasshen nama irin kilishi yana cikin wannan rukuni. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: kashi 18 na mene? A ƙasashen da aka yi yawancin binciken, kimanin mutum 5 cikin 100 suke kamuwa da sankarar hanji a tsawon rayuwarsu. Ƙarin kashi 18 a kan wannan yana mayar da 5 ɗin ya zama kusan 6. Wato idan mutum 100 suka ci irin wannan nama kullum har tsufa, za a samu ƙarin mutum ɗaya da ya kamu. Ba wasa ba ne idan ana lissafin miliyoyin jama'a, amma kuma ba abin da zai hana mutum cin tsarabar kilishi jefi-jefi ba ne.

An kuma ruɗa mutane da cewa an sa naman a rukuni ɗaya da sigari. Rukunin yana auna yawan tabbacin da ake da shi ne cewa abu yana jawo cutar, ba girman ɓarnarsa ba. An tabbata kunama tana harbi, an tabbata gamsheƙa tana sara, amma ba wanda zai ce dafinsu ɗaya.

Binciken da aka yi a kan Turawa yana aiki a kanmu?

Jikin ɗan Adam ɗaya ne a mafi yawan al'amura, hawan jini yana shanye ɓarin jikin Bature kamar yadda yake shanye na Bahaushe. Amma muhalli da cututtukan da ke kewaye da mutum suna iya juya sakamako, kuma akwai misalai daga nahiyarmu. A tsibirin Pemba na Zanzibar an gwada ba wa dubban ƙananan yara sinadarin ƙarin jini kullum, abin da kowa ya ɗauka alheri ne tsantsa, sai aka ga waɗanda suka sha sun fi kwanciya asibiti, saboda yankin cike yake da zazzaɓin cizon sauro kuma ƙwayar cutar ita ma tana amfana da sinadarin. An wallafa sakamakon a 2006, kuma daga nan aka gyara shawara cewa a irin waɗannan wurare a haɗa ƙarin jinin da kariya da maganin zazzaɓi.

Wani gwajin da aka wallafa a 2018 ya fi kusa da gida. An riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna azitromaisin sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ana kwatanta garuruwan da suka samu da waɗanda ba su samu ba. A Nijar, inda aka yi aikin a jihar Dosso, mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin ɗari, a Malawi kusan kashi 6, a Tanzaniya kuma kusan kashi 3. Magani ɗaya, tsari ɗaya, sakamako uku. Ɗan jarida a Yamai zai iya rubuta cewa maganin yana ceton rai, na Darussalam a Tanzaniya ya rubuta cewa bai yi wani tasiri ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, domin inda yara suka fi mutuwa da cututtukan da maganin ke kashewa nan amfaninsa ya fi fitowa. Wannan ba izini ba ne ga uwa ta je kemis ta saya wa ɗanta, domin shan irin waɗannan magunguna barkatai shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta jurewa, kamar yadda ya faru da kulorakwin.

A fannin hawan jini ma, wani gwaji da likitan zuciya Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin magungunan da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata. Irin wannan aiki, wanda aka yi a kanmu kuma a asibitocinmu, shi ne muke da ƙarancinsa.

Ba kuɗi ne ke juya sakamakon ba?

Wani lokaci haka ne, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. A 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna cewa ƙungiyar kamfanonin sukari ta Amurka ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard, suka rubuta nazari a 1967 da ya rage laifin sukari a ciwon zuciya ya ɗora wa kitse. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a kan yara 12 kacal yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da galahanga, daga baya aka gano maguɗi da kuɗin da ya karɓa bai bayyana ba, mujallar da ta buga rahoton ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace masa lasisi, amma har yau maganar tana yawo bayan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara bai ga wata alaƙa ba.

Mutanen Kano suna da nasu tabon. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan tsoro yana cikin abin da ya taimaka wa dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wanda ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargi yana da tushe, amma a lura da waɗanda suka tona asirin kamfanonin sukari da na Wakefield: masu bincike ne da 'yan jarida da suka koma suka duba takardu. Abin da za a nema shi ne ko wasu masanan da ba su da hannu a cinikin sun maimaita binciken sun samu sakamako iri ɗaya.

Idan cuta sabuwa ce, ba gara a gwada duk abin da aka ji ba?

A watan Maris na 2020 wani likita a Marseille ta Faransa, Didier Raoult, ya fitar da rahoto a kan majiyyata 36 cewa wani dangin kulorakwin yana maganin korona, shugaban Amurka na lokacin ya yaba, kuma cikin kwanaki hukumomin Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kai asibiti saboda sun sha kulorakwin fiye da kima. A watan Yuni babban gwajin ƙuri'a na Birtaniya, mai dubban majiyyata, ya nuna maganin bai rage mutuwa ba, sannan ya gano cewa deksametason, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda aka sa wa injin numfashi. Wata uku kacal ne tsakanin jita-jita da amsa. Ba a manta kuma da daren da aka yi ta wanka da ruwan gishiri ana sha a watan Agustan 2014 saboda tsoron Ebola ba, abin da ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum biyu.

Likitoci biyu sun ba ni shawara mabambanciya. Wa zan bi?

Ka tambayi kowannensu dalilinsa, domin sau da yawa ba a kan ilimin suka saɓa ba, a kan inda suka ajiye ka ne. Asfirin misali ne: ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko wani nau'in shanyewar ɓarin jiki, ƙaramar ƙwaya kullum tana kare shi daga maimaituwa, amma gwajin da aka wallafa a 2018 a kan tsofaffi masu lafiya kimanin 19,000 a Ostireliya da Amurka ya nuna ba ta ƙara musu lafiya ba, sai ma zubar jini da ta ƙara. Ka je da duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya, ka kuma ce wa likita: "Ranka ya daɗe, idan na sha me zan samu, idan na bari me zai faru?"

Akwai abin da masana ba su saɓa a kansa ba?

Akwai, kuma da yawa, sai dai ba sa shiga labarai domin ba sababbi ba ne. Barin sigari, kwana cikin gidan sauro, rigakafin yara, shayar da jariri nono zalla wata shida, wanke hannu da sabulu, motsa jiki, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba idan an haɗa da na cikin dunƙulen ɗanɗano.

Zoɓo da zogale fa? An ce bincike ya tabbatar suna sauke hawan jini.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna zoɓo yana ɗan sauke jini, kuma wannan gaskiya ne. Amma gwaje-gwajen na mutane kaɗan ne, na 'yan makonni, kuma abin da suka auna lambar da na'ura ke nunawa ce, ba yawan waɗanda suka tsira daga shanyewar jiki bayan shekara biyar ba. Magungunan asibiti an gwada su ta wannan fuska a kan dubban mutane. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ake gani a jikin kwalbar maganin gargajiya ma galibi shaida ce cewa an duba ba a ga cutarwa ba, ba shaidar cewa yana warkarwa ba, kuma sau da yawa an rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalbar.

Wata gwaggota ta taɓa ajiye ƙwayoyinta na hawan jini saboda saƙon murya da aka tura mata a WhatsApp, inda wani da ya kira kansa dakta ya ce masana a Amurka sun gano zoɓo ya fi su aiki, bai faɗi ko su wane ne ba, bai faɗi yaushe ba, a ƙarshe kuma ya ba da lambar waya ga mai son garin haɗinsa. Na same ta a tsakar gida da jug ɗin zoɓo a gefe, wanda aka zuba wa sukari har yana danƙo. Ban ce mata ƙarya ne ba, domin da na faɗi haka da an tashi zancen. Na ce: "Gwaggo, zoɓon nan yana da amfani, amma ki bari mu auna mu ga ko shi kaɗai ya isa." Muka aika aka aro na'urar awo a maƙwabta, ta miƙo hannu tana cewa ita lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta ji. Lambar sama ta nuna 178, wato jinin ya hau sosai. Ta yi shiru tana kallon na'urar, sannan ta ce a miƙo mata ledar maganin da ke rataye a bayan ƙofa. Zoɓon ta ci gaba da sha, ba sukari, kuma da muka koma asibiti ranar Litinin ita da bakinta ta faɗa wa likita cewa tana haɗawa da shi.